Auna Yadda Juyawar Duniya Ke Jan Sarari

A shekarar 1918 Josef Lense da Hans Thirring suka nuna, bisa ƙa'idar Einstein, cewa abu mai nauyi idan yana juyawa yakan ja sararin da ke kewaye da shi. Tauraron ɗan'adam Gravity Probe B ya auna hakan a kewayen Duniya, amma sakamakonsa na 2011 ya zo da rashin tabbas na kusan kashi 19 cikin 100. Abin da ya fi burge ni shi ne gwajin Jami'ar Vienna da ke ƙasar Austria na 2024, inda aka tura ƙwayoyin haske masu sarƙaƙƙiyar alaƙa (wato waɗanda yanayin ɗaya ke ɗaure da na ɗayan) cikin zaren gilashi mai tsawon kilomita 2, aka gano juyawar Duniya daga yadda igiyoyinsu suka haɗu. Sai dai juyawar Duniya kawai wannan gwaji ya auna, ba jan sarari ba, domin jan sararin ya fi wannan juyawa ƙanƙanta fiye da sau biliyan.