Murtalar Inna

Yau Asabar ba makaranta, sai Inna ta ce a sauko mata da adakarta za ta shanya kaya. Ni da Ummi muka zube komai a tabarma, atamfofi duk ƙanshin kafur, muna ta dariyar ɗinkin da. Can ƙasa cikin wani ɗan ƙyalle sai ga naira ashirin, tsohuwar nan koriya ta takarda ba ta leda ba, ta yi laushi tiɓis.

Ummi ta ɗaga ta ce Mama wannan kuɗin wace ƙasa ne, har da aya a jiki. Inna ta karɓe ta kai dab da ido, ta sa yatsa tana bi daga dama, ta ce "naira ashirin. Ke 'yar nan ba aya ba ce, Hausa ce, ajami kenan." Sai kuma ta ce wai duk takardar gwamnati da ta taɓa shiga hannunta, katin asibiti ne, na zaɓe ne, kuɗi ne kaɗai take karantawa da kanta ba sai ta kira wani ba. Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai, ina tuƙa tuwo ina juya ta.

A 2007 ne Babban Banki ya cire ajamin daga biyar, goma, ashirin da hamsin, aka sa Hausa da Yarbanci da Igbo da rubutun boko, 2014 kuma sabuwar ɗari ta fito babu shi. Na zazzage jakata na duba, yana nan dai a ɗari biyu mai Sardauna, da ɗari biyar, da dubu. Na san masu cewa a cire gani suke kamar addini ɗaya aka fifita, kuma har raina na ji daɗi da aka sa Ladi Kwali da tukunyarta a bayan ashirin, Bagwariya maginiya a kuɗin ƙasa ba ƙaramin abu ba ne. Amma irin su Inna fa, da allo suka yi karatu, wa ya tuna da su ranar da ake zanen?

Abin da ya ƙara dame ni, Ummi ba ta gane mutumin da ke jiki ba. Mu da muka tashi ana cewa "ba ni Murtala", kowa ya san Janar Murtala Muhammad ne, shugaban ƙasan da aka kashe a Fabrairun 1976, shekarar da ta biyo aka sa hotonsa a takardar. Yanzu ashirin ko fiya wata ba ta saya, ina yaro zai riƙe ta balle ya tambayi waye.

 

Ummi ta roƙi Inna ta bar mata, Inna ta ce sai ta iya karanta ajamin tukun, ta naɗe abarta ta mayar ƙasan adaka.