Sojan b2 mai guba

Asabar, zagaye na huɗu na gasar ces (wasan dara na chess) a Abuja. An haɗa ni da wani yaro da bai wuce shekara 14 ba, amma makinsa na FIDE, hukumar ces ta duniya, ya ɗara nawa da kusan 150. Shi ke da farare, ni baƙaƙe. Minti 90 kowa, da ƙarin daƙiƙa 30 a kowane motsi.

Ya buɗe da tura soja gidan e4, na amsa da nawa a c5, muka bi hanyar nan ta Najdorf, wadda aka sa wa sunan ɗan Foland ɗin da yaƙi ya ritsa da shi a Ajantina a 1939 ya yi zamansa can. Ya kai giwa g5, ya tura f4, ni kuwa na fito da sarauniya b6 na cinye sojan b2. Masu wasa suna ce masa soja mai guba, kuma na san dalili. Sai dai jiya na kai ƙarfe ɗaya na dare ina haddace abin da ake yi in an kawo hasumiya b1, har maiɗakina ta ce ko jarrabawa zan rubuta.

Yaron bai taɓa hasumiyar ba. Ya janye doki zuwa b3 yana tsotsar alewa.

Wannan shi Spassky ya buga wa Fischer a wasa na 11 na karawarsu ta neman kambun duniya a Reykjavik, 1972, har sarauniyar Fischer ta rasa mafita. Na san labarin sarai, amsar ce ta ɓace mini. Kamata ya yi in koma da sarauniyata a3 nan take. Minti 20 na yi ina zuru, daga ƙarshe na fitar da giwa e7 kamar babu abin da ke faruwa. Ya tura soja a3. Sai a lokacin na ga hasumiya na shirin zuwa a2, duk gidan da sarauniyata za ta taka kuma akwai mai gadi. Dole na ba da doki a e4 don in buɗe mata ƙofa. Na ci gaba da jan ƙafa, amma tun nan wasa ya ƙare.

Da na miƙa hannu sai ya ɗan rusuna ya ce, "Kawu, da kun koma a3 ai da sauran magana." Na ce na sani, ɗana, Allah ya yi albarka.

Gobe ƙarfe tara ni ke da farare. Takardar wasan tana aljihun rigata, ban iya buɗe ta ba tukuna.