Ƙafar Golf da Hanyar Gona

"Baba, inci uku nake so ka ɗaga mini ita."

Da wannan maganar wani saurayi ya shigo garejina wata ranar Asabar cikin watan Agusta, ko sallamar kirki bai gama ba. Motar kuwa ba da ƙafarta ta zo ba, janyo ta aka yi da igiya. Golf 4 ce GTI, baƙa wuluk, mai injin 1.8 da tabo, wato na'urar da ke ƙara wa inji ƙarfi, tana zaune a ƙasa kamar kaza kan ƙwai. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashinta, sai ga baƙin mai yana ɗiga daga kaskon injin, wanda mu muke kira botom filet. Dutse ya tsaga shi a hanyar gonar mahaifinsa ta wajen Kangimi, bayan an bar kwaltar Maraban Jos. Allah ya taimake shi ya kashe injin da jar fitila ta kama, da ya ƙara ko kilomita ɗaya, da sabon inji muke magana.

Na ce masa, "Ɗana, zauna tukuna ka sha ruwa. Inci ukun nan a ina ka samo shi?" Ya ciro waya ya nuna mini wasu Turawa suna watsa tsakuwa da ƙananan motoci a daji, mota na tashi sama tana dira kamar akuya.

Ni aikin ƙafar mota nake yi, wato kayan da ke haɗa taya da jikin mota, shekara ashirin da ɗoriya ke nan. Gareji ne ɗan madaidaici a bakin baifas a Kaduna, ba nisa da kasuwar Panteka, da rami ɗaya, da yara biyar, da mai walda da muke raba kuɗin wuta da shi. Inji da giya ba na taɓawa sai dole. Shokazoba, sifirin, boljoyin, tayarod, bushin, shaf, nan ne abincina. Maigidan da ya koya mini aiki tsohon ma'aikacin kamfanin Peugeot ne na Kakuri, kamfanin da ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma har ya koma ga Allah bai yarda an taɓa ƙera mota kamar fayif-o-fo ba, wato Peugeot 504. Yana da hujjarsa. A shekarar da aka buɗe Kakuri 504 ta ci tseren Safari na Kenya, ta sake ci a 1978. Mota ce da aka yi wa doguwar ƙafa tun daga masana'anta, tayarta na da wurin hawa da sauka, shi ya sa take shanye gargada kana ciki kana gyangyaɗi. A hannunsa na koyi cewa in za ka duba ƙafar mota, kada ka tsaya kan tsayinta daga ƙasa kawai, ka duba nisan da taya ke iya tafiya sama da ƙasa kafin ƙarfe ya daki ƙarfe.

GTI kuwa akasin haka aka yi ta. Tun fitowarta a 1976 don kwalta mai santsi aka gina ta, an rage mata tsayi, an taurara sifirin, an sa mata taya mai siririn gefe don ta riƙe kwana. A Jamus wannan alheri ne. A nan kuwa, mutum ya fito daga Unguwar Rimi ya nufi Rigasa cikin damina, ya ga yadda alherin yake komawa. Golf 4 ma ta fi 'yar uwarta Golf 3 wannan matsala, domin kaskon man nata na alminiyom ne kuma yana rataye ƙasa sosai. Na Golf 3 ƙarfe ne, in ya daki dutse sai ya lotse, ka ci gaba da tafiya. Alminiyom ba ya lotsewa, fashewa yake yi.

Ba wai Golf ba ta san daji ba ne. A 1987 wani direba ɗan Suwidin, Kenneth Eriksson, ya ci tseren Kodebuwa da Golf GTI, ga shi nan kusa da mu a Afirka ta Yamma. Kamfanin Volkswagen da kansa ya taɓa fitar da wata Golf 2 mai suna Country a 1990, wadda aka ɗaga a garin Graz na Ostiriya har ta kai santimita 21 daga ƙasa, kuma tana ja da ƙafa huɗu. Sai dai su ba robar taya suka yanka suka cusa ba. Firam guda suka shimfiɗa tsakanin gangar jikin da ƙafafun, ta yadda shaf ɗin bai karkace ba. Wannan bambancin shi ne duk abin da nake fama in fahimtar da masu zuwa wurina.

Na san shi ne da kuɗina. Farkon buɗe garejin nan wani ya kawo Golf 3 yana son a ɗaga ta sosai don yana ɗauko buhunan citta daga wajen Kachia. Ina ɗan yaro mai zafin kai, na je wurin mai tona, wato mai injin fere ƙarfe, aka yanko mini zobba masu kauri, na ɗora saman shokazoba, na ƙara da sifirin wata mota mai nauyi. Mota ta tashi zanƙal-ƙal, mai ita ya yi ta sa mini albarka. Sati biyu ba su cika ba ya dawo da ita a bayan tirela. Robar shaf ta yage, giris ya watse, yashi ya shiga, kan shaf na ciki ya zare ya bar shi a tsakiyar hanya da kaya. Ni na sayi shaf biyu daga aljihuna, kuma maigidana da ya ji labari bai ce mini komai ba, dariya kawai ya yi, wadda ta fi zagi ciwo.

Abin da ya faru a fili yake. Motar da ke ja da gaba, shaf ne ke kai ƙarfi daga giya zuwa taya, kuma an tsara shi ya kwanta kusan a miƙe. Duk milimitar da ka ɗaga jikin motar, giya ta hau sama, taya tana nan a ƙasa, shaf ya ƙara karkata. Yana jure kaɗan. In ya yi yawa sai ka fara jin mota tana karkarwa idan ka taka totur, daga nan roba ta fara cin kanta, daga nan sai ƙas-ƙas a kwana. Tayarod ma haka, in ya karkace da yawa, duk ramin da ka faɗa sai sitiyari ya fizge da kansa. Boljoyin ya kai ƙarshen juyawarsa. Tiyon birki da wayar ABS, wato na'urar da ke hana taya ƙamewa in an taka birki, su miƙe tamau idan taya ta sauka. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake gani in mota na tsaye a gareji tana sheƙi.

Shi ya sa a kan irin waɗannan motoci ba na wuce milimita 35, in an matsa mini 40, wato inci ɗaya da rabi. Saurayin nan da ya ji haka fuskarsa ta canza. Ya ce, "Haba Baba, wannan ai ba a yi komai ba." Na ce ya bari mu auna. Muka sa tef daga ƙasa zuwa kaskon man, santimita 11 da ɗan kai, don sifirin nata sun riga sun gaji. Na ce masa sauran tsayin a taya za mu nemo shi, kuma na taya ya fi albarka, domin zobe jikin mota da inji kawai yake ɗagawa, amma taya komai take ɗagawa, har da gindin hannun ƙafa da sandar baya, waɗanda su ne ke fara gaisawa da kututture.

Nan ne aka yi rigima ta gaske, don sai ya rabu da rim ɗinsa mai inci 17 da yake ji da shi. Tayarsa 225/45 ce, tsayinta duka milimita 634, gefenta bai fi faɗin tafin hannu ba, rami ɗaya ya ishe ta ta kumbura. Na sa aka nemo rim mai inci 15 mai rami biyar a Panteka, muka gwada shi a kan birkin gaba muka tabbatar ba ya goga, sannan muka ɗora 205/70. Wannan tsayinta milimita 668, ka ga mota ta ƙaru da 17 ba tare da an taɓa shaf ba, ga kuma nama a gefen taya da zai sha duka a madadin rim. Na nuna masa a wayarsa cewa motocin tseren da yake kallo, in a kan tsakuwa suke, inci 15 suke sawa, manyan rim sai ranar kwalta. Ya yi shiru. Na kuma gaya masa agogon gudunsa zai riƙa yi masa ƙarya da kusan kashi 5 cikin ɗari, in ya nuna 100 to yana kan 105, kuma motar za ta ɗan yi nauyin tashi.

Akwai masu cewa a bar zobe, a sa dogon sifirin kawai. Yana yi, amma in ka sa dogon sifirin a kan gajeren shokazoba, ka cinye wurin da taya za ta sauka. Mota na bin gargada sai ka ji ƙwal, ƙwal, shokazoba yana kaiwa ƙarshensa, taya tana barin ƙasa, kuma tayar da ba ta taɓa ƙasa ba ba ta birki ba ta kwana. Ni nakan haɗa ne. A gaba sifirin Golf ta talakawa, wadda ba GTI ba, da zoben alminiyom da mai tona ya yanka daidai kan kofin sama. A baya, tunda a Golf 4 sifirin daban yake da shokazoba, nakan nemo na doguwar Golf mai ɗaukar kaya, in ƙara wa shokazoba tsayi gwargwado. Shokazoba kuma mai gas nake so, irin su Bilstein in aljihu zai ɗauka, don hanyar burji mai tsagi-tsagi tana dafa man da ke ciki har ya yi kumfa, bayan rabin awa ka ji mota tana lilo kamar kwalekwale. Kayan Beljiyam na Panteka akwai na kirki a ciki, amma sai ka danna kowane da hannunka ka ga yadda yake dawowa. Wanda aka wanke aka fesa wa fenti ya fi kowanne kyau a ido.

Masu Golf 3 da ba ta da ABS, akwai wani ɗan bawul a jikin sandar baya da ke auna nauyin kaya ya raba ƙarfin birki. In ka ɗaga bayan motar ba ka sake saita shi ba, zai ɗauka motar fayau take ko da buhu shida ne a ciki, ya rage wa tayoyin baya birki. Makanikai da yawa ba su ma san yana wurin ba.

Farantin kariya shi ne aikin da na fi jin daɗinsa, kuma shi ne abin da da tun farko saurayin nan ya sa, da bai zo mini a kan igiya ba. Da kwali muke fara yin sa. Yarona ya kwanta a rami ya manna kwalin indomi a ƙarƙashin inji, ya zana, ya yanka, mu gwada, mu sake yankawa, sai ya zauna daram sannan mu kai wa mai walda ya fitar da shi a ƙarfe mai kaurin milimita 3. Gabansa a tanƙwashe sama kamar hancin kwalekwale don ya hau kan dutse maimakon ya tokare shi. A jikin firam ake ɗaure shi, ba a jikin inji ba, a bar tazarar yatsa tsakaninsa da kasko, a huda wurin juye, a bar kafofin da iska za ta bi da waɗanda laka za ta zube. Kan kusoshin kuma a nutsar da su, in ba haka ba dutse zai aske su, ranar juye a yi ta neman guduma. Wannan motar tana da wata ƙaramar lagireto ta sanyaya iskar tabo a ƙasan bamba ta hannun dama, gab da taya, ita ma sai da muka yi mata raga.

Bayan an gama sai saitin ƙafa, wanda ba na yarda mota ta bar hannuna ba tare da shi ba, domin ɗagawa tana canza tsayuwar taya, in aka bari wata biyu gefe ɗaya ya cinye. Golf 3 tana da sauƙi, kusoshi biyu ne ke riƙe da shokazoba a ƙasa, kana iya karkata shi yadda kake so. Golf 4 a cikin maƙogwaro yake zama, wurin wasa kaɗan ne, wani dalilin ke nan da ba na zarcewa.

Kwana huɗu aikin ya ci. Muka sake sa tef, santimita 16 har zuwa farantin. Kafin in ba shi makulli na zaunar da shi na gaya masa abin da bai saya ba. Motarsa har yanzu da ƙafa biyu take ja, in taya ɗaya ta samu laka za ta yi ta juyawa ɗayar na kallonta, don haka kada ya bi sawun Hilux cikin fadama. Ta ƙara tsayi, za ta ƙara kwanciya a kwana, gudun da yake shiga shataletale da shi a da ya rage. Kuma ba motar tsere ba ce. Waɗancan na cikin wayarsa akwai kejin ƙarfe a cikinsu, da bel mai ɗauri ta kafaɗu da cinya, da hular kwano, da shokazoban da kuɗin saiti ɗaya zai sayi motarsa sukutum, ga makanikai na jiran su a kowane zango. In yana son ya watsa ƙura, ya samu fili a gonarsu da rani inda babu yara babu shanu, kuma ya dawo gida kafin la'asar ta yi sanyi, don hanyoyin dajin yanzu ba irin na lokacin maigidana ba ne.

Ya ce, "To Baba, na ji." Yadda ya faɗe ta na san rabi ya ji.

Bayan sati uku sai ga shi da yamma, motar ta yi ja har rufi da laka, an ɗaure buhun masara sabuwa a but. Ya ce wata ƙara yake ji a gaba. Muka hau da ita rami, na haska tocila. Shaf lafiya, roba lafiya. A tsakiyar farantin kuwa ga wani lotsi da zai ɗauki dunƙulen hannu, daidai saitin kaskon mai, ƙarfen ya matso har yana taɓa shi. Na kira shi ya sauko ramin ya gani da idonsa. Ya daɗe yana shafa wurin da yatsa, sannan ya ɗago ya tambaye ni ko akwai ƙarfe mai milimita 4. Na ce wa yaro ya kwance farantin ya miƙo mini babbar guduma, ya kuma sauke masarar nan a kai wa mai gashi a bakin titi.