Digiri na biyu a fannin kula da muhalli: abin da ya kamata ka sani kafin ka cike takarda

Da yawa daga masu neman wannan digiri suna shigowa ne da ƙaunar itatuwa, koguna da namun daji. Ƙaunar tana da kyau, amma kalmar da ta fi nauyi a sunan karatun ita ce "kula". Ana sa ran wanda ya gama ya iya tsayawa gaban masu gina masana'anta, madatsar ruwa ko hanya, ya faɗa musu abin da aikinsu zai yi wa ruwa, ƙasa da iska, ya nuna yadda za a rage ɓarnar, ya kuma tsara yadda za a riƙa aunawa bayan an fara aiki. Wannan yana buƙatar kimiyya, doka, lissafi da iya zama da jama'a, duka a hannu ɗaya.

Tsawon karatun ya danganta da wuri. A Ingila galibi shekara ɗaya ce cur, kashi biyu cikin uku na darussa, kashi ɗaya na kundin bincike. A ƙasashe da dama kuma shekara biyu ce. Ana karɓar waɗanda suka karanta ilimin halittu, sinadarai, labarin ƙasa, injiniya, noma, har ma da tattalin arziki ko shari'a. Wanda ya fito daga kimiyya yakan sha wuya a darasin doka da tsare-tsare, wanda ya fito daga ɗaya ɓangaren kuma ƙididdiga ce ke kayar da shi. Ka san gurguwar ƙafarka tun kafin a fara, ka ɗauki wata biyu ko uku kana gyara ta.

Ƙashin bayan darussan shi ne tantance tasirin ayyuka ga muhalli. Tsarin ya samo asali ne daga dokar muhalli ta Amurka ta 1969, wadda ta fara aiki a 1970, daga nan ya bazu a duniya. Ana fara duba ko aikin yana buƙatar cikakken nazari, sai a ware batutuwan da suka fi muhimmanci, a auna yadda wurin yake kafin a taɓa shi, a yi hasashen abin da zai canja, a tsara matakan rage ɓarna, a saurari mutanen da abin zai shafa, sannan a sa ido bayan an ba da izini. Rage ɓarnar ma yana da jeri wanda ba a tsallake shi: kauce mata gaba ɗaya, in ba hali a rage ta, sannan a gyara abin da ya lalace, a ƙarshe a biya diyya da wani wuri. Ɗalibai sukan yi tsalle su faɗa kan dashen itatuwa a matsayin maganin komai, alhali tambayar farko ita ce ko za a iya karkatar da hanyar ta bar dajin.

Za ka kuma haɗu da ISO 14001, ma'aunin tsarin kula da muhalli na kamfanoni, wanda ya fito a 1996 aka sabunta shi a 2004 da 2015. Ya ginu kan zagaye huɗu: tsara, aiwatar, duba, gyara. Abin da mutane ke yawan kuskurewa shi ne, wannan ma'auni bai yanka wa kowa iyakar hayaƙi ko dattin da zai fitar ba. Takardar shaidarsa tana cewa kamfanin yana da tsari ne, iyaka kuwa doka ce ke sa ta.

Taswirar kwamfuta kuwa, kada ka jira a koya maka a aji. Manhajar zana taswira ta QGIS kyauta ce, hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat da Sentinel-2 ma haka. A Landsat kowane ɗigon hoto yana wakiltar mita 30 a ƙasa, a Sentinel-2 kuma mita 10 a manyan zangunan haskensa, don haka ƙaramin juji ko siririn rafi zai iya ɓacewa cikin ɗigo ɗaya. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a kwatanta hoton rani na wata shekara da hoton damina na wata, a ce daji ya ƙaru. Ciyawa ce ta tsiro.

Yanzu ga inda digirin yake tsayuwa ko ya faɗi, wato kundin bincike. Nan ne na fi jin takaicin ganin ɗalibai masu hazaƙa sun ɓata watanni, domin matsalar kusan kullum tana farawa ne daga tambaya mai faɗi. "Gurɓatar ruwan ƙarƙashin ƙasa" take ne, ba a amsa shi. Amma in ka ce, shin rijiyoyin da ke gangaren juji sun fi waɗanda ke samansa yawan sinadarin naitiret, to ka san rijiyoyin da za ka je, abin da za ka auna, da abin da za ka kwatanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa miligiram 50 a lita a matsayin iyakar naitiret a ruwan sha, maikirogiram 10 a lita ga dalma, kuma ba ta yarda a sami ƙwayar E. coli, mai nuna gurɓatar ruwa da bayan gida, ko ɗaya a mililita 100 ba. Ga ma'auni a hannunka.

Sai ɗibar samfuri, wadda ake rainawa har sai ta rusa aikin. Ruwa yana fara canjawa daga lokacin da ya shiga kwalba. Zafinsa, tsaminsa da iskar shaƙar da ke narke a cikinsa, a bakin rijiya ake auna su, nan take. Sauran samfurin a sa shi cikin akwatin ƙanƙara, sanyin ya tsaya kusa da digiri 4 na ma'aunin Celsius, a kare shi daga haske. Na gwajin ƙarafa masu guba ana ɗiga masa asid na naitirik har ma'aunin tsami, wato pH, ya sauka ƙasa da 2, in ba haka ba ƙarafan sukan manne a jikin kwalba, sakamakon ya fito ƙasa da gaskiya. Na gwajin ƙwayoyin cuta yana buƙatar kwalbar da aka kashe wa ƙwayoyi, kuma ya isa ɗakin gwaji cikin sa'o'i kaɗan. Gwajin BOD, mai nuna yawan iskar da ƙwayoyi ke cinyewa wajen ruɓar da datti, kwana 5 yake ɗauka a zafin digiri 20, kuma ba a son samfurin ya wuce sa'a 48 kafin a fara. Wanda ya ɗebo ruwa ranar da ɗakin gwaji zai rufe na kwana biyu ya yi tafiyar banza.

Ka tafi da kwalba ɗaya ta tataccen ruwa, ka buɗe ta a wurin, ka bi da ita duk hanyar da sauran suka bi. In aka sami dalma a cikinta, to dattin daga kayan aikinka ne. Ka kuma ɗebi samfuri biyu a wasu wuraren, don ka ga ko gwajin yana maimaita kansa. Kowace kwalba a rubuta mata lamba, rana, lokaci da wuri da alƙalamin da ruwa ba ya gogewa. In na'ura ta kasa ganin wani sinadari, kada ka rubuta sifili. Ka rubuta cewa bai kai ƙaramin adadin da na'urar ke iya ganowa ba, ka faɗi adadin.

Ƙididdiga tana zuwa ne kafin fita fili. Ka zauna da malamin da ke duba aikinka, ku yanke gwajin lissafin da za a yi da yawan samfurin da yake buƙata. Samfuri goma daga rijiya ɗaya ba rijiya goma ba ne, kuma babu manhajar da za ta gyara wannan daga baya, ko R ko SPSS. In bincikenka ya haɗa da yi wa mutane tambayoyi, ka nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike da wuri, domin yakan ɗauki makonni, kuma jami'o'i da yawa ba sa karɓar bayanan da aka tara kafin izinin ya fito. Ka gwada takardar tambayoyin a kan mutum goma tukuna; a nan za ka gane tambayar da kowa ke fahimta ta wata fuska daban.

Saboda haka kafin ka zaɓi makaranta, ka bar ƙasidar talla ka tambayi ɗaliban da ke ciki. Na'urorin ɗakin gwajin suna aiki, kuma ana barin ɗalibi ya taɓa su? Wa ke biyan kuɗin sinadarai da na zuwa fili? Ɗalibai nawa ke hannun malami ɗaya, kuma mako nawa babi ke yi a teburinsa kafin ya dawo? Ka nemi kundi biyu ko uku na waɗanda suka gama a sashen, ka buɗe babin hanyoyin bincike, ka duba ko sun faɗi yadda suka adana samfurinsu.