Asabar: gaiwa, gawo da marayun Fako

Tun ƙarfe uku na dare aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, ɗaki ya koma tanda. Na jawo tabarma tsakar gida, barci ya ce bai san zancen ba. Ƙarshen Afrilu ke nan a Sakkwato, ko da asuba ka dafa bango zafin jiya na nan a jikinsa. Sai na kwanta ina kallon taurari, ina juya alkawarin da bakina ya jawo mini.

Ranar Alhamis ina koya wa 'yan ajina darasin hayayyafa, wani yaro na can baya, wanda bai cika magana ba, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, in akwai masu rai a wata duniya, su ma namiji da mace ne?" Aji ya kwashe da dariya. Ni ban yi ba, don duk zangon nan ba a yi mini tambayar da ta kai ta ba. Na ce su ba ni zuwa Litinin, zan zo musu da wata dabba ta ƙage, tun daga ƙwai har mutuwa, su kuma aikinsu su kama ni a duk inda ilimi bai yarda da ni ba.

Bayan sallar asuba na ɗauko littafi. Wurin zama na fara nema wa dabbar. Duniyoyi kam ba su yi ƙaranci ba: tun 1995 da aka gano ta farko mai kewaya tauraro irin ranarmu, zuwa 2022 an tabbatar da fiye da 5,000. Amma wadda ta tsaya mini a rai ta gida ce, Yuranus, da ke kwance a gefe guda tana kewaya rana cikin shekara 84, har kowane ƙarshenta kan yi kusan shekara 42 cikin haske, 42 cikin duhu. Na ce to, bari in ari wannan tsawon lokaci. Duniyata na sa mata suna Fako. Shekararta guda shekararmu 40 ce: 4 damina, 36 rani. Na san malamin fiziks ɗinmu zai ce duniyar da ke da nisan da za ta ɗauki shekara 40 ai ƙanƙara za ta zama, sai dai in ba ta rana mai girma, manyan taurari kuma ba su da tsawon rai. Wannan rigimar tasa ce, na bar masa.

Dabbar ce ta gagare ni. Shafi uku na yaga. Duk abin da na zana sai ya fito mutum mai ƙaton kai da manyan idanu, irin na finafinai. Mutum ne kawai aka shafa wa kore.

Ina cikin haka Kaka ta leƙo. "Maigidan, mi kaka rubutu tun da sahe kamar mai neman sarauta? Tashi ka samo muna kihi, cehwanenka ya yi kwana biyu bai shigo ba." Na ce amarya ta fara gori ke nan. Na hau kabu-kabu zuwa Kwalkwalawa, bakin gulbin Rima.

Rima ta janye ƙwarai. Daga kan gada kana hango yashi ya fito tsibi-tsibi, gefen fadama kuma laka ta bushe ta tsattsage kamar ƙasan tsohuwar tukunya. Na tsaya wurin wani dattijo masunci da nake sayen banda hannunsa. Cikin tarin kifin na ga wani dogo mai kama da maciji, da 'yan siraran hannuwa kamar igiya. Gaiwa. Na sha koyar da ita a allo, amma ban taɓa tambayar wanda ya haƙo ta da hannunsa ba.

Na ce, "Baba, da gaske ne a busasshiyar ƙasa kuke samun ta?"

Ya dube ni irin kallon da ake yi wa ɗan boko. "Awo mana, Malam. In ruwa ya janye sai ta nutse cikin taɓo, ta naɗe, wutsiya bisa kai. Ta yi ma kanta riga da yauƙin jikinta. Ƙasa ta bushe bisa gare ta, ita tana nan. 'Yar kahwa taka bari ta shan iska, da ita muka gane wurin. In ka taɓa ta har ƙara takai."

Duk abin da ya faɗa haka yake a littafi, sai dai nasa ya fi daɗin ji. Gaiwa na da huhu, dole ta riƙa leƙowa tana shaƙar iska, in ka hana ta sai ta nutse ta mutu, kifi guda a cikin ruwa. A kwancinta na rani jikinta kan rage aiki ƙwarai, dattin da ya kamata ta fitar ta mayar da shi wani sinadari marar dafi sosai ta tara, abinci kuwa tsokar jikinta take ci a hankali. Hausawa sun riga masu bincike sani, shi ya sa ake cewa gaiwa jikinta take ci. Watannin rani take yi a haka, an kuma ga wadda ta haura shekara uku. In ruwa ya dawo ta fito, a yi ƙwai a rami cikin ciyayi, namijin ne ke gadi. 'Ya'yan kan fito da wasu 'yan gashin shaƙar iska a gefen wuya kamar talibambam, daga baya su ɓace.

Na biya kuɗin kifi na manta canji, sai da Baba ya ƙwala mini kira.

A hanyar dawowa ban ji zafin ranar ba. Ina isa na baje a zaure, rubutu ya riƙa zuwa da kansa. Na sa wa dabbobin nawa suna Makwanta.

Rayuwar Makwanci daga ƙwai take farawa, a binne cikin laka, da ɓawo mai kauri. Ba duka ke ƙyanƙyashewa da ruwan farko ba. Kowane manomi a nan ya san ruwan farko mayaudari ne, ka yi shuka ya tafi ya bar ka, shi ya sa mai hankali ba ya zuba irinsa duka a rami ɗaya. Don haka ƙwan uwa ɗaya kashi uku ne: masu saurin farkawa, masu jiran ƙasa ta jiƙa sosai, da 'yan kaɗan da sai ambaliya ta rufe su. Wannan ma ba ni na ƙaga ba. Akwai ƙananan kifayen tafkunan da ke ƙafewa a Afirka da ƙwansu ke kwana cikin busasshiyar laka, wani irinsu na Mozambik da Zimbabuwe cikin kusan mako biyu da ƙyanƙyashewa ya isa haihuwa, saboda tafkin ba zai jira shi ba.

Abin da ke fitowa daga ƙwan ɗan tsut ne, mai wutsiya, ba shi da aiki sai ci. Wata shida yana iyo. Sannan ƙafafu huɗu su fito, huhu ya buɗe, ya hau tudu. A nan ne yake zama mai hankali: yana magana, yana gini, yana faɗa da maƙwabci. Shekara uku yake yi a haka, kuma ga amsar yaron nan: a duk tsawon wannan lokaci ba namiji ba ne, ba mace ba ce. Babu aure a garuruwansu, babu kishi, babu lefe. (Na san nan ne aji zai rikice.)

Sai ruwa ya fara janyewa jiki ke zaɓa. Waɗanda ke zaune bakin gaɓa inda ruwa ya yi ɗumi su zama masu ba da iri, na tsakiya inda ke da sanyi su zama masu ƙwai. Daga kada na aro, don jinsin ɗan kada ba ya cikin ƙwai tun farko, zafin ramin da aka binne shi ne ke yanke hukunci. Ka ga a Fako inda ka gina gida shi ne makomarka, kuma na hango rigimar fili da za a yi a shekarar ƙarshe ta damina. Masu ba da iri dare ɗaya ne nasu, su zuba a ruwa, kafin mako sun mutu. Ban tausaya musu ba sosai, namijin ƙwaron cikin ɓaure ma haka yake, ba shi da fiffike, a cikin ɓauren ake haihuwarsa, a nan yake barbara, a nan yake ƙarewa. Masu ƙwai su haƙa rami su naɗe da ƙwansu a tsakiya, su yi rigar yauƙi, ƙasa ta rufe.

Na ji daɗin kaina har na karanta wa Kaka bayan la'asar, tana tsinke zogale. Da farko ta ce in bar cewa na yi dabba, halitta ta Allah ce. Na ce tatsuniya ce, Kaka, irin taki ta Gizo, kuma ai a cikin Suratus Shura an ambaci dabbobin da Ya watsa cikin sammai da ƙasa. Ta ce to, ci gaba. Da na kai ƙarshe ta yi shiru, sannan ta ce:

"Yo wanga ai garin marayu na. Uwa ta mutu cikin rami, ɗiya su hito ba kowa. Wa ka raɗa musu suna? Wa ka gwada musu abin da a ka ci da wanda ba a ci? Kai da kac ce suna magana, bakin wa sun ka ji?"

Na buɗe baki na rufe. Shafi shida, tsohuwa ta rushe su da tsinken zogale a hannu. Gaskiyarta ce. Dabbar da ba ta gamuwa da iyayenta tana iya rayuwa, kifaye da yawa haka suke. Akwai ma wata dabbar teku mai hannu takwas, mai wayo ƙwarai, da uwa ke kwanciya kan ƙwai ba ta cin abinci har ta mutu. An taɓa bin wata a zurfin tekun Kalifoniya wata 53 tana kan ƙwanta. Amma shi ya sa duk wayonsu kowane ɗa daga farko yake farawa, ba gari, ba harshe, ba tarihi. Ni kuwa na ba Makwanta gari da harshe, ban ba su wanda zai miƙa ba. Ga kuma lissafi: gaiwa da ƙyar take haura shekara uku tana cin jikinta, ni na ce 36. Ko giwa ce ta ƙare.

Na fita na zauna ƙofar gida ina jin haushi. Can tsallaken hanya akwai wani tsohon gawo, akuyoyi na ƙarƙashinsa suna tsintar 'ya'ya. Kore shar a wannan ƙuna, alhali duk abin da ke kewaye da shi ya yi fari. Gawo ai a juye yake rayuwa: saiwarsa na can ƙasa inda ruwa yake, ya yi ganye da rani, damina na sauka ya kakkaɓe, shi ya sa gero ke yin kyau a gindinsa. Shekara nawa ina wuce bishiyar nan.

Na koma da gudu, har Kaka na tambaya ko kunama ce.

Yanzu uwar Makwanta ba ta mutuwa a rami. In ta naɗe, wutsiyarta ce ke ci gaba da tsawo, tana bin danshi ƙasa har ta cim ma ruwa. Ta ƙofar iskar nan kuma wani tsiro ya fito, ya yi reshe, ya yi ganye mai duhu yana shan rana. Ƙafafu su narke, idanu su tafi, ƙwaƙwalwa ta ragu sai ɓangaren da ke riƙe da magana. Dabba ta koma rabin bishiya. Duk wanda ya sauka Fako da rani zai ga kurmi a tsakiyar fako, bai san iyaye yake gani ba. Kuma kurmin ba shiru yake ba. Ƙarar da Baba ya ce gaiwa na yi, ita na ba su: kowace uwa na gunji a hankali ta cikin ƙasa, tana maimaita abin da ta sani, sunayen wurare, inda ambaliya ke fara ci, ganyen da ke kisa, wanda ya ci amanar wa a daminar da ta wuce. Shekara 36 ƙwai na kwance yana sha. Wannan ma yana da tushe: ɗan tayin mutum na jin muryar uwarsa a watannin ƙarshe, wani ɗan tsuntsu a Ostareliya tun yana cikin ƙwai yake koyon kiran uwarsa, 'ya'yan kada kuma daga cikin ƙwai suke kuka uwa ta zo ta tone su.

Ranar da ruwa ya sauka, ganye ya zube, ramin ya cika, uwa ta nutse, don huhu gare ta. Ganyen da ya ruɓe a ruwa shi ne abincin farko na 'ya'yan. Ba su taɓa ganin ta ba, amma in sun hau tudu suka buɗe baki, da muryarta suke magana, har da tsoffin gabarta.

Na sake karanta wa Kaka bayan isha'i. Ta ce, "To yanzu ka yi magana. Amma wadda ba ta da abin hwaɗi sai tsegumi hwa? Shekara talatin da shidda ɗiyanta na shan tsegumi?" Na ce haka nan za su fito. Ta ce ta san gidaje biyu a unguwar nan da daga Fako suka zo.

Saura abu guda da ban warware ba, na kuma yanke shawarar ba zan warware ba, zan kai wa yaran haka: in kurmi biyu na kusa da juna, ƙwan da ke tsakiya yana jin uwaye biyu, ɗan wa zai zama? Ina so in ga ko yaron bayan ajin zai sake ɗaga hannu.

Wajen ƙarfe goma hadari ya taso daga gabas, iska ta kwashe mana shanya, ƙura ta cika ido, ko ɗigo bai sauka ba. Wuta ba ta dawo ba. Baba ya ce in na koma Talata da sassafe, kafin rana ta yi, zai kai ni inda ya ga ƙofar iska guda biyu a bakin fadama, in zo da fartanya da bokiti.