Ranar da muka yanke dokin ƙofar Marsandi

Asabar, ƙarshen damina, Kaduna.

Tun bayan sallar asuba na fito da motar daga rumfa na tsayar da ita a tsakar gida, inda siminti ya fi miƙewa, saboda jiya Baba mai walda ya ce ba zai taɓa aikin ba muddin ƙasa tana da gangare. Marsandi ce 190, ƙirar 1990, 'yar Kwatano. Na saye ta tun kafin a hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa a farkon 2017, kuma littafin da na tarar a aljihunta na gaba da Jamusanci yake.

Abin da ya kai mu ga aikin yau kuwa, makon jiya ne taya ta yi faci a hanyar Zariya. Na zura hancin jak a raminsa da ke ƙasan ƙofar gaba ta dama, na fara murzawa, mota ta ɗan ɗaga, sai na ji ƙaras, ta koma ta zauna. Jak ɗin ya nutse cikin jikin motar, jan gari yana zubowa a kan kwalta. Da kyar wani direban haya ya taimake ni da nasa jak ɗin, muka ɗaga ta daga wani wurin. Tun ranar ban sake ɗaukar yara a cikinta ba.

Baba ya iso wajen ƙarfe takwas da kayansa a Keke Napep: tukunyar iska, tukunyar kabaid, tiyo biyu, gudumomi iri-iri da almakashin yankan ƙarfe. Dattijo ne da ya yi shekaru yana gyaran bodi, yanzu ya bar wa yaransa gareji, sai wanda ya ga dama yake zuwa wa gida. Ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba ya durƙusa yana ƙwanƙwasa dokin ƙofar da ƙotar sukudireba, daga tayar gaba har ta baya. Wani wuri ya yi ƙara ƙal-ƙal, wani wuri ya yi dum. Sai ya ce da babban ɗana ya samo masa maganaɗisu. Yaron ya ciro na wata tsohuwar sifika. Baba ya riƙa jan sa a hankali a jikin ƙarfen, yana kamawa, yana kamawa, da ya zo daidai ƙasan ginshiƙin da ke tsakanin ƙofofi biyu sai ya faɗo ƙasa. Ya ɗago ya dube ni ya ce, “Malam, nan ba ƙarfe ba ne. Foti ne aka yaɓa maka.”

Da muka cire robar da ke rufe gefen motar, ya sa cizal ya fara sara, abin da ya fito ya tayar mini da hankali. Foti ne, ƙullun nan da masu gyaran bodi ke cike lotsawa da shi, mai kaurin yatsa, bayansa ragar waya, bayan ragar kuma kwali da aka cusa don fotin ya sami abin jingina. An goge shi sumul, an fesa baƙin fenti, an mayar da roba. Wanda ya yi wannan aikin ya san sarai abin da yake ɓoyewa, ya kuma san mutane za su shiga motar su hau babban titi da ita. Na tuna tafiye-tafiyen da muka yi da iyali, ƙaramar 'yata tana barci jingine da wannan ƙofar ta baya, sai na ji jikina ya yi sanyi. Ha'inci a ciniki ko'ina mummuna ne, amma wannan ya wuce cin kuɗin mutum, wasa ne da rai.

Mutane da yawa suna ɗaukar dokin ƙofar mota a matsayin wurin taka ƙafa kawai. A babbar mota ko a-kori-kura mai shasi daban, da sauƙi, domin shasin ne yake ɗauke da komai. Ƙaramar mota irin wannan kuwa jikinta shi ne shasinta. Dokin ƙofar dogon akwati ne na ƙarfe, da bango na waje da na ciki, an haɗe su da walda, ya miƙe daga bayan tayar gaba zuwa gaban tayar baya. Shi yake riƙe gaban mota da bayanta kada tsakiya ta lotsa, a kansa ginshiƙin tsakiya yake tsaye, kuma in wata mota ta bugo ka ta gefe, yana cikin abin da zai fara tare ta. Idan ya ruɓe, mota tana iya tafiya lafiya lau, inji yana kuka mai daɗi, ba za ka san komai ba sai ranar da Allah ya kiyaye.

Na tambayi Baba yadda aka yi ya ci haka, alhali a garin nan za ka ga tsohuwar Fijo 504, irin waɗanda aka fara harhaɗawa a Kaduna tun 1975, rana ta cinye fentinta tas amma ƙasanta yana nan. Ya ce yawancin motocin da yake samu da irin wannan ruɓewa daga ƙasashen sanyi suka zo. Haka ne kuwa. A Jamus da maƙwabtanta, lokacin hunturu ana watsa gishiri a kan tituna don ƙanƙara ta narke. Tayoyi su feso wannan ruwan gishirin a ƙasan mota, ya shiga duk wata kafa, gishiri kuma yana hanzarta cin ƙarfe. A ƙasan akwatin akwai ƙananan ramuka da aka yi don ruwa ya riƙa fita. Da zarar laka ta toshe su, ruwa ya kwanta a ciki. Daga nan motar ta zo nan ta sha ƙurarmu da rani, ƙurar ta taru a ciki, damina ta zo ta jiƙa ta, ta zama taɓo mai daɗewa bai bushe ba. Baba ya ce, “Tsatsa gara ce, daga ciki take ci. Duk sanda ka ga fenti ya kumbura a waje, to ciki ya riga ya tafi.”

Shirin ya fi yankan ɗaukar lokaci. Muka cire kan batir, muka fitar da kujerar gaba da ta baya, muka naɗe kafet har tsakiyar mota, muka janye wayoyin da ke bi ta gefen. Baba ya shiga ƙarƙashi ya duba inda bututun mai da na birki suka bi, ya tabbatar wuta ba za ta kai gare su ba. Muka ɗaga gefen dama muka ɗora a kan gumagumai na katako, domin ya hana a sa bulon siminti, ya ce yana fashewa ba sanarwa. Sannan ya yi abin da ban taɓa ganin wani mai gyara ya yi ba: ya auna tazarar da ke tsakanin kowace ƙofa da jikin mota, ya rubuta da alli a bango, ya kuma ɗana wani ƙarfe a bakin ƙofar daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi. Ya ce in ka yanke ƙasan mota ba ka tokare ta ba, za ta ɗan saki jiki, ka gama walda a haka, ƙofa kuma ba za ta sake rufuwa daidai ba har abada.

Wajen ƙarfe goma da rabi na hau babur zuwa Panteka neman ƙarfe. Baba ya ja mini kunne cewa kada in kuskura in kawo masa kwanon rufi: ya yi siriri, kuma farin hayaƙin da ke tashi daga shafen da ke jikinsa yana sa mai walda zazzaɓi. Na samo rufin wata motar da aka yanka, ƙarfe mai kyau mai kaurin kusan milimita 1, da wani guntu mai kaurin milimita 2 na wurin jak. Panteka tana nan yadda take, ƙarar guduma ta ko'ina, yara ƙanana suna koyon sana'a a gaban iyayen gidansu.

Na dawo na tarar ya fara yanka. A nan ne muka ɗan yi ja-in-ja. Ni ramin da idona ya gani bai fi tafin hannu biyu ba, shi kuwa ya ja layin alli kusan rabin tsawon dokin ƙofar. Na ce, “Baba, ba mu yi nisa ba kuwa?” Bai amsa ba, sai ya ɗauki sukudireba ya danna a wurin da nake ganin lafiyayye ne, ya shige kamar ba komai. Ya ce ba ya ɗora walda sai a kan ƙarfen da in an goge shi yake fari fat, yake kuma da kaurinsa na asali, domin ƙarfen da tsatsa ta siranta narkewa yake yi da ya ji wuta. Da bangon waje ya fita, muka kwashe abin da ke ciki da hannu: busasshiyar laka da ɓawon tsatsa, sun kusa cika ƙaramin bokiti. Alhamdu lillahi bangon ciki bai tafi duka ba, wuri ɗaya ne kusa da ramin jak ya huje.

Muka yi sallar azahar, uwargida ta aiko da shinkafa da wake da mai da yaji. Muna ci maƙwabcina ya leƙo, ya ga mota a yanke, ya ce da ni ne shi da na kira 'yan gwangwan sun auna ta na huta. Na ce masa injinta bai taɓa ba ni kunya ba, giyarta lafiya, kuma ya san abin da ake cewa kuɗin mota a yau. Abin da ban faɗa masa ba shi ne, ko da zan sayar da ita, ba zan miƙa wa wani ita da wannan ramin a ɓoye ba. Da na yi haka, da ni da mai fotin nan ba mu da bambanci.

Bayan cin abinci sai aikin da ya fi burge ni. Baba ya ɗora kwali a kan wurin da aka yanke, ya bi bakin ramin da babban yatsansa mai baƙin mai har siffar ta fito a jikin kwalin, ya yanke ta, ya mayar a kan sabon ƙarfe. Ba shi da injin lanƙwasa. Ya matse ƙarfen tsakanin katako biyu, ya riƙa bugunsa da guduma kaɗan-kaɗan daga wannan kai zuwa wancan, ya je ya gwada, ya dawo ya ƙara bugu, ya sake gwadawa, har sai da ya zauna a wurin babu inda haske yake leƙowa. Ɗana ya tsuguna kusa da shi bai ko motsa ba. Na ji daɗin hakan ƙwarai, domin yaron ba ya cika ajiye waya.

Sannan aka zuba duwatsun kabaid, ruwa ya sauka a kansu, gas ɗin walda ya tashi, warin nan mai kama da na tafarnuwa ya cika gidan. Baba ya kunna, ya riƙa murza iska har harshen wutar ya koma shuɗi mai ɗan farin tsini a tsakiya. Waldar lantarki ta sanda, irin ta masu yin ƙyauren gida, huda irin wannan siririn ƙarfe take yi. Ita kuma ta gas zafinta yana yaɗuwa, yana iya murɗe ƙarfe, shi ya sa bai ja layi ɗaya dogo ba. Ya fara da bangon ciki da wurin jak, sannan na waje. Ya ɗiga nan, ya tsallaka can nesa ya ɗiga, ya dawo tsakiya, ya bari ya huce, ya ɗan daddaka da guduma, a haka har ɗigon suka haɗu suka zama layi.

Ni aikina gadin cikin mota ne, da jiƙaƙƙen buhu a hannu da bokitin yashi a gefe. Ana cikin yi baƙin kwaltar da aka shafe ƙasan motar da ita ta kama, wuta ta taso ta wajen ƙafar fasinja. Na danne ta da buhun nan take. Baba ko ɗagowa bai yi ba, ya ce dama saboda haka ya zaunar da ni a wurin, mai walda ba ya ganin bayan ƙarfen da yake ƙonawa.

La'asar ta yi muna kan goge walda. Ya huda sababbin ramukan fitar ruwa a ƙasa, ya ce in riƙa zura musu waya bayan kowace damina. Muka shafa jan fenti mai hana tsatsa a waje. Foti ya sa ɗan kaɗan, iya abin da zai lafe sawun walda, a kan ƙarfe mai lafiya. Cikin akwatin shi ne ya rage, domin zafin wuta ya ƙone duk wata kariya da ke ciki, kuma ta can ɓarnar take farowa. Baba ya ce a ɗura baƙin mai. Ni na fi son sabon mai a haɗa da giris a ɗan narkar, saboda baƙin mai yana ɗiga ya ɓata tsakar gida ya kuma bi ruwa. Mun dai yarda ba za a zuba komai ba sai an gama duk wata walda a jikin motar.

Kafin magariba muka cire tokarin muka sauke ta. Baba ya auna ƙofofi ya gwada da abin da ya rubuta a bango, suka zo daidai. Ya rufe ta gaba da yatsa biyu, ta shige. Sai ya ce in ɗauko jak ɗina in sa a wurin da ya nutse rannan. Na murza, gabana yana faɗuwa, har tayar gaba ta bar ƙasa, ƙarfen bai ko motsa ba. Ya sa muka zauna kusan awa guda muna hira kusa da motar ko wani abu zai yi hayaƙi, sannan na sallame shi.

Kafin ya hau Keke ya karɓi maganaɗisun ya zagaya gefen hagu, ya ja shi sau ɗaya, ya faɗo a wuri biyu. Mun tsayar da Asabar mai zuwa. Iskar da ke tukunyarsa ta kusa ƙarewa, sai an yi cikonta, ni kuma ranar Alhamis zan koma Panteka, domin ragowar rufin nan ba zai isa gefen hagu ba. Yara za su ci gaba da zuwa makaranta a Keke har sai an gama.