Godiya ga waɗanda suka halarci zaman wayar da kai kan zafin fitsari

Assalamu alaikum. Mu ma'aikatan lafiya da muka shirya wannan zama muna miƙa godiya ga iyayenmu mata da maza, da matasan da suka cire kunya suka yi tambaya a bainar jama'a, da waɗanda suka rubuto tasu a takarda ba suna. Godiya ta musamman ga abokan aikinmu na ɗakin gwaje-gwaje, da suka wuni a tsaye suna karɓar fitsari. Allah ya saka da alheri.

Kusan kowa da kalma ɗaya ya zo: "sanyi". To, sanyi ba cuta ɗaya ba ce, shi ya sa muke maimaita bayanin a nan.

Mafi yawan zafin fitsari ga mata daga ƙwayar E. coli yake, wadda ke zaune a hanji ta haura mafitsara. Bututun fitsarin mace bai wuce santimita 4 ba, na namiji kuwa ya kai 20, don haka ƙwayar ba ta da nisan tafiya. Alamarsa fitsari kaɗan-kaɗan a kai a kai, da nauyin mara. Idan raɗaɗin daga waje yake, lokacin da fitsari ya taɓa fata, ga ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri, sau da yawa matsalar gaba ce ko sabulu mai ƙamshi, ba mafitsara ba. Namijin da ya ga mugunya na fita daga gabansa, a duba gonoriya da kilamidiya, cututtukan da ake ɗauka ta hanyar jima'i, kuma a yi wa mata da miji magani tare, su ƙaurace wa juna kwana 7, in ba haka ba cutar dawowa za ta yi. Akwai kuma tsakuwar ƙoda, kumburin furostet (wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji), da tsargiya mai sa jini a ƙarshen fitsari.

Inda aka fi yin kuskure shi ne kawo fitsarin gwaji. A wanke hannu, a zubar da wanda ya fara fitowa, a tari na tsakiya a kwalbar da asibiti ya bayar, a kai cikin awa 2 ko a sa a firij. Amma gwajin gonoriya da kilamidiya na farkon ake so, bayan an yi aƙalla awa 1 ba a yi fitsari ba. Wanda kuma ya riga ya sha antibayotik ya faɗa wa likita, domin ƙwayar na iya ƙin tsirowa idan aka raine ta a ɗakin gwaje-gwaje, sakamako ya fito fes alhali cutar na nan.

Mai juna biyu, da wanda ya ga zazzaɓi, amai ko ciwon kwiɓi, da wanda fitsari ya tsaya masa cak, kada su jira wani zama, asibiti za su nufa a ranar. Waɗanda muka karɓi fitsarinsu kuma, gwajin tsiron ƙwayar yana ɗaukar kwana 2 zuwa 3, sai ku dawo da takardarku.